Kira Na Uku

Shekarata arba'in da ɗoriya a Makka, kuma har yau ba ni da takardar da ta ce ina nan. Da uwata muka zo hajji ina ɗan shekara tara, ta ƙi komawa, ta rasu a nan, ta bar ni da guntun karatun allo da Larabcin kasuwa. Na yi dako a Mina, na yi shara a Arfa, na tura tsofaffi a keke tsakanin Safa da Marwa har gwiwata ta hagu ta ƙi. Waɗanda muka taso tare, jikokin Hausawan da suka riga mu zuwa, yau suna da katin ƙasa da mota, in na gaishe su da Hausa su amsa min da Larabci. Ba komai. Na faɗi wannan ne don a san wanda ke magana, kada a ɗauka wani mai digiri ne ya zauna ya tsara.

Da gwiwa ta hana ni turin keke, sai aka haɗa ni da aikin kula da wani tsoho a unguwar Ka'akiyya, a hawa na biyu na wata tsohuwar imara, wato gidan bene. Ɗan Maroko ne, ya haura tamanin. Gyaran agogo ya yi a kusa da Harami tsawon rayuwarsa, har idonsa ya daina ganin ƙananan ƙusoshi. Matarsa ta rasu, ɗansa ɗaya yana aiki a Dammam, shi ya ɗauke ni. Aikina in zo da safe, in ba shi magani, in dafa abin da likita ya yarda, in kai shi Harami ranar Juma'a, in tafi bayan la'asar. Ina ce masa Ammi, wato baffana. Shi kuma in ransa na da daɗi ya ce min “ya waladi”, wato ɗana, in shayi ya yi sanyi in koma “ya Takaruni”, sunan da suke kiran baƙi irinmu. Bakinsa kamar reza. Na jure, don na jure waɗanda suka fi shi.

Wata rana a shekarata ta farko, zafi ya fara sauka, ya miƙo min wayarsa ya ce in nemo masa wata lamba. Ba suna a jikinta, harafi ɗaya ne kawai. Na buga, na kara masa a kunne, don hannunsa na rawa. Mace ce ta ɗauka, tsohuwa. Ya yi magana da wani Larabci da ban taɓa ji ba, yana cakuɗa shi da Faransanci, muryarsa ta yi ƙasa kamar ta yaron da ya fasa tulu. Ita kalma biyu ko uku ta faɗa. Sai ƙit, ta kashe.

Na ɗauko shayi. Ina cikin zubawa ya ce, “Ƙanwata ce. A Faransa take. Bayahudiya ce.”

Saura kaɗan in ƙona masa cinya.

Na ce, “Ammi, me ka ce?”

Ya ce, “Kunnenka lafiya lau yake, ka ji ni. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Ajiye butar kafin ka kashe ni.”

Na ajiye. Na dube shi, na dubi dardumarsa, na dubi carbin da ke wuyansa. A Makka! Garin da ko hanya an raba, an ce wanda ba musulmi ba ya bi ta can. Ni duk abin da na sani game da Yahudawa, abin da na ji ne a wa'azi da abin da talabijin ke nunawa, kuma ban taɓa tunanin zan yanke wa ɗan cikinsu farce ba.

Ya gane abin da ke raina. Ya ce a cikinsu aka haife shi, a tsohuwar unguwarsu, ya musulunta yana da shekara ashirin da biyu a hannun maigidansa da ya koya masa agogo, ya auri 'yarsa, suka zo hajji, suka zauna. Ya ce, “Ina salla tun uwarka ba ta san za ta haife ka ba. Kar ka dube ni kamar ka ga aljani.”

Ba zan ɓoye ba, wata guda na yi ina sa masa ido. Ina duba yadda yake alwala, ina duba ko ranar Asabar yana wani abu daban. Abin da na gano kawai shi ne ya fi ni tsare walaha, kuma Yasin da nake tuntuɓe a cikinta shi yana karanta ta da ka. Sai kunya ta kama ni, na bari. Amma son sani bai bar ni ba. Na tambaye shi me ya haɗa shi da ƙanwar, ko musuluntar ce take riƙe da shi.

Ya ce a'a, wannan sun yi kukansa sun gama tun da daɗewa, kuma ba zai nemi gafarar kowa a kai ba. Laifin daban ne. Da uwarsu ta kwanta ciwon ajali a Faransa, ƙanwar ta aiko masa wasiƙa har sau huɗu, ya zo, tsohuwa na kiran sunansa. Bai je ba. Yana da kuɗin jirgi, yana da iƙama mai kyau, wato takardar zama. Tsoro ya ji, kada a tambaye shi wa ya je gani, kada maƙwabta da abokan ciniki su san daga inda ya fito. Ƙanwar ita kaɗai ta yi jinya shekara biyu, ita kaɗai ta tsaya aka binne.

Na ce, “To me ya sa sai yau ka kira ta? Kwanakin shekara sun ƙare ne?”

A nan na fara jin labarin ranar. Ya ce suna da wata rana guda a shekara, ita ce mafi girma a wurinsu, Yom Kifur suke ce mata, wato ranar kankare zunubi. Ana azumi, ana tuba. Amma a koyarwarsu, ranar tana wanke abin da ke tsakaninka da Allah ne kawai. Abin da ke tsakaninka da mutum, sai ka je ka same shi kafin ranar ta shiga, ka roƙe shi da bakinka. In ya ƙi, ka sake. In ya ƙi, ka sake na uku. Bayan uku an sauke maka, ba dole ka ƙara ba.

Na ce, “Ai mu ma haka ne, haƙƙin mutum Allah ba ya yafewa sai mai shi ya yafe.”

Ya ce, “Na sani, ya malam. Amma ita da jajibirin wannan ranar kaɗai take ɗaukar wayata. Addininta ne ya tilasta mata ta saurara. Bara na yi na farko. Wannan da ka gani shi ne na biyu.”

Shekara ta zagayo. A tsakanin, ƙodarsa ta lalace, aka fara yi masa wanki sau biyu a mako. Ya rame har zobensa na faɗuwa. Shi da kansa ya san lissafinsa, ni ma na sani, ɗansa ne kawai ke cewa a waya, “Baba ya ji sauƙi, ko?” Kiran na uku ya zame masa abin zance. Yana zaune sai in ji yana gwada maganar da zai faɗa, ya canza, ya sake. Ya ce bana ba zai kawo uzuri ko ɗaya ba, don uzuri ne ya ɓata masa biyun farko.

Ana saura kwana biyu, ranar Litinin, wayar ta zame daga aljihunsa ta faɗa cikin robar alwala. Ta mutu. Lambar kuwa a cikinta kaɗai take, bai haddace ba, kuma ko da ya haddace, ƙanwar ba ta ɗaukar baƙuwar lamba. Ya rikice. Na ce ya kwantar da hankalinsa, na san mai gyara. Ya kama hannuna ya ce, “Laraba suke azumi. Ka kawo min ita gobe da rana. Da rana, ka ji?”

Na ce na ji.

Mai gyaran ya cika alkawari, Talata kafin azahar waya ta tashi. Na sa ta a aljihu. Ina fitowa sai ga wani da muka yi dako tare, a motar ɗaukar kaya, yana neman hannu. Katifu za a kwashe daga wasu tantuna a Mina a kai sito, aikin yini ɗaya. Wanda ba shi da takarda ba ya cewa aiki ya jira. Na tsaya a bakin titi na yi lissafina, kuma ga yadda na yi shi: azumi Laraba ne. Azumi kuwa da asuba ake kama shi, kowa ya san wannan, jaririn goye ma ya sani. Ashe ke nan daren Talata gaba ɗaya a buɗe yake, har sahur. Ai ma daren ya fi, mace ta gama aikin gida ta zauna, ranta a sake. Tsofaffi kuwa komai “da rana” suke cewa. Abincinsa na cikin firji, maganinsa na jere a tire. Na hau mota.

Mina in ba lokacin hajji ba wani irin wuri ne. Tantuna farare har iya ganinka, ba kowa, sai kyanwoyi da ƙura. Muka yi ta jidar katifu masu warin zufar mutanen duniya. Wayar tsoho na aljihuna, ina jin ta a cinyata duk sanda na sunkuya, ban ji komai a raina ba. Muka gama da magariba. Na dawo Ka'akiyya, na yi isha'i a masallacin unguwa, har na tsaya na sayi gurasar tamis mai zafi da dafaffen waken ful, wai in faranta masa.

A kan matakalar bene na same shi. Mutumin da ba ya iya zuwa banɗaki sai na riƙe shi, ya sauko hawa guda shi kaɗai, ya zauna yana fuskantar ƙofar imara. Bai amsa sallamata ba. Ya ce, “Buga.”

Na buga. A kashe. Na sake. A kashe.

Na ce, “Wataƙila caji ne ya ƙare mata. Mu ci abinci, an jima mu sake gwadawa, ai dare na da tsawo.”

Ya ɗago ya dube ni da idanun nan da ba sa gani sosai. Ya ce, “Wane dare? Sun shiga.”

“Sun shiga ina?”

“Azumi, ya jaki! Kafin rana ta faɗi ake kamawa. Ta ci abincinta, ta kunna kyandir, ta kashe waya. Ba za ta taɓa ta ba sai gobe taurari sun fito.” Ya ce rana a can tana jinkirin faɗuwa, ko da na zo bayan magaribarmu da an samu. Ya zauna a nan yana ƙirga kiran salla. Sannan ya faɗi maganar da ta fi yi min ciwo: “An ce maka da rana, ka ga kai ka fi sani. Shi ya sa shekara arba'in ba ka zama kowa ba a garin nan.”

Na ɗauke shi na kai shi sama. Bai fi buhun shinkafa nauyi ba. Tamis ɗin a kan matakala na manta shi.

Washegari na yi niyyar ba zan koma ba. Amma ƙafata ta kai ni, kuma in na faɗi gaskiya ba tausayi kaɗai ba ne. Abin ya tsaya min a rai. Wane irin azumi ne ake kamawa da magariba? Sahur fa? Ashe akwai mutanen da suke juya abin kamar an juya riga?

Na same shi ya yi salla yana zaune a kujerarsa. Ya sha maganinsa, ya ci biredi kaɗan. Shi ba ya azumin, ya ce azuminsa Ramadan ne da Ashura, su ma likita ya ƙwace masa. Amma yana da agogo biyu a hannu, ɗaya na Makka, ɗaya ya ja shi baya da awa guda, lokacin Faransa. Sai wajen hantsi ya buɗe baki, ba tare da ya dube ni ba.

“Duba na ƙasan. Ƙarfe nawa?”

Na faɗa masa.

Ya ce, “Yanzu ƙanwata ta fita zuwa wurin ibada. A ƙasa za ta tafi, ba a hawa mota. Da sanda take tafiya, amma za ta je.”

Na ja kujera. Na ce, “Ammi, tun jiya da yamma ba ta ci komai ba?”

“Ko ruwa.”

“Har yaushe?”

“Awa ashirin da biyar.”

Na auna abin a raina. Ni na san ƙishirwa, na yi shara a Arfa da azumi a bakina. Amma mu ko ba komai mun san da asuba mun cika ciki, da magariba kuma dabino na jira. Wannan ka kwana da shi, ka tashi da shi, ka yini da shi. Na ce, “Tsohuwa mai shekara kusan tamanin? Wallahi ta yi ƙoƙari.” Ya ce marar lafiya an ɗauke masa, kamar mu, amma ita ko likita ya hana sai ta yi, don taurin kai gadon gidansu ne.

Daga nan na yi ta tambaya, shi kuma kamar jira yake. Ya ce fararen kaya ake sawa. Ba a wanka, ba a shafa mai ko turare, miji ba ya kusantar matarsa, ba a sa takalmin fata. Ya ce yana tuna ubansa, mutum mai ji da kansa, kwat da hula, amma ranar sai ka gan shi da takalmin ƙyalle kamar ɗan makaranta.

Na ce, “Fari, ba turare, ba iyali. To ai harami suka ɗaura a gida.”

Ya yi 'yar dariya, ta farko tun jiya. Ya ce, “Ranar da na fara tsayuwar Arfa, abin da ya faɗo min ke nan. Na ga fari ko'ina, kowa na kuka yana roƙo, ana tsere da rana kada ta faɗi. Na ce, yau ga irin ubana sun yi dubu ɗari. Ban faɗa wa kowa ba, har matata.”

Ya ce sau biyar ake tsayuwar addu'a, daga daren jiya zuwa yammacin yau. Akwai wurin da ake jera laifuffuka ɗaya bayan ɗaya, kowane aka ambata sai mutum ya bugi ƙirjinsa da hannu. Ya nuna min, a hankali, a kan ƙasusuwan nan nasa. Kuma ba “na yi” ake cewa ba, “mun yi” ake cewa. Mun ci amana, mun yi ƙarya, mun yi zalunci.

Na ce, “Wannan kam ban yarda ba. Wanda ya cuce ni yana gefena, ni da shi mu haɗa baki mu ce mun yi zalunci? Ya faɗi nasa, in faɗi nawa.”

Ya ce, “Kai da za a bar ka, ranar ƙiyama ma da takardar ƙara za ka tashi.”

Na ce, “Doguwa kuwa.”

Bayan azahar ya aike ni baƙala, kantin unguwa, in sayo lemo ɗaya da kanumfari. Ya ce a garinsu wani ɗan itace ake samu mai kama da gwaba, uwarsu ta soka masa kanumfari ko'ina, ta naɗe a hankici, yara su tafi da shi wurin ibada. In jiri ya fara ɗibar mutum sai ya shinshina. Ƙamshi ba ya karya musu azumi. Na zauna ina soka kanumfari a lemo, namiji da gemu, yana gyara min: “Matso da su, kar ka bar fili, aikinka duk haka yake.” Da na gama ya karɓa da hannu biyu ya kai hanci, ya rufe ido. Ya ce shi ke yi wa ƙanwar nata, don yatsunta ƙanana ne, kanumfari na huda ta. Ni ma na karɓa na shinshina. Ba laifi, yana buɗe kai.

Da la'asar ya ce yanzu suna karanta ƙissar Annabi Yunusa. Na ce wane Yunusan? Ya ce na cikin kifi mana, akwai wani ne? Na yi mamaki ƙwarai. Ni na ɗauka namu ne mu kaɗai.

A nan ne ya juyo gare ni. Ya ce, “Ya waladi, jiya na faɗa maka magana. Na ce ba ka zama kowa ba. Na san inda ke maka ciwo, can na nufa da gangan. Ka yafe min.”

Ban taɓa jin wani mai ba ni aiki ya faɗi haka ba. Na rasa inda zan sa idona. Na ce, “Ba komai, Ammi, na yafe.”

Ya ce, “Ƙarya kake. Ka yi saurin faɗa. Ƙanwata ta fi ka gaskiya.”

Gaskiyarsa ne, maganar ta kai mako tana cina. Na ga dai ni mai babban laifin ina zaune, shi ke roƙo. Na ce, “To ni ma, ma'alesh.”

Ya ce, “Ma'alesh abin da ake ce wa wanda aka taka wa ƙafa a ɗawafi ne. Faɗi abin da ka yi, da sunansa.”

Wallahi ɗaukar katifa ya fi sauƙi. Na daure na ce, “Wayarka na aljihuna tun kafin azahar. Na tafi Mina neman na kaina. Ka ce da rana, na raina maganarka, na ga kamar kowa irin azuminmu yake yi.”

Ya gyaɗa kai. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ce in duba agogon ƙasa.

Ranar ban tafi bayan la'asar ba. Muka yi magariba tare, ni a tsaye shi a zaune. Bayan isha'i ya ce yanzu suna addu'ar ƙarshe, wadda ake yi da sauri da ƙarfi, wai ƙofofin sama ake rufewa. In an gama sai a busa ƙahon rago, busa ɗaya doguwa, shi ke nan, kowa ya nufi gida. Na ce to in buga? Ya ce a'a, a bar ta ta sha ruwa ta huta. Ranar dai ta riga ta wuce. Gobe da safe zai kira, ba don ta saurara ba, don kada a ce bai kira ba.

Alhamis da hantsi na buga na kara masa a kunne. Ko ƙara ɗaya ba ta gama ba aka ɗauka. Ya ambaci sunanta. Sai kuma ihu. Ni da nake riƙe da wayar sai da na janye ta kaɗan daga kunnensa. Tsohuwar nan ta yi ta zuba, ba numfashi, tana kuka tana faɗa, shi kuma sai “na'am, na'am” yake. Hannuna ya gaji na canza, ya sake gajiya na canza. Can na ga kafaɗunsa na rawa, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce ta haɗu da shi. Sun fi rabin awa. Da aka gama ya jingina yana share fuska da hannun riga.

Na ce, “Ammi, ta yafe?”

Ya ce, “Bari in numfasa.”

“Ta yafe ko ba ta yafe ba? Ni ma ina da haƙƙi a ciki.”

Ya ce ranar Talata tun azahar tana zaune kusa da waya, ta shirya amsar da za ta ba shi, kuma ba mai daɗi ba ce. Da lokaci ya ƙure bai kira ba, ta ce shi ke nan, ya mutu, ba wanda zai sanar da ita. Al'adarsu ce a jajibirin ranar a kunna kyandir don mamatan gida. Ta kunna na ubansu, ta kunna na uwarsu, ta ƙara na uku. Ta yini tana yi masa addu'a cikin matattu. Kafin a busa ƙaho ta ce ta yafe masa duniya da lahira.

Na ce, “Alhamdu lillahi! To ai an gama.”

Ya ce, “Ina! Ta ce gawa ta yafe wa. Tunda ina da rai, ta janye. Kuma wai wannan kiran bai shiga lissafi ba, ranar ta wuce, ina nan a biyu. Ta ce in biya ta kyandir ɗinta.”

Na ce, “Kai, wannan mata! Ko a Kano sai an tona kafin a samu irinta.”

Ya ce, “Ta ji muryata ta ce ba ni da lafiya. Wai ranar Lahadi in kira ta in faɗa mata abin da likita ya ce, kuma kada in yi mata ƙarya.”

Haka aka yi. Kowace Lahadi bayan la'asar ina riƙe masa waya. Wani lokaci faɗa, wani lokaci su yi ta ambaton mutanen da suka mutu tun kafin a haife ni. Wata rana ma ta sa ya miƙo min, ta yi min magana da Larabcinsu, abin da na tsinta kawai shi ne in rage masa gishiri. Maganar yafiya kuwa bai sake tayar da ita ba. Ya ce sai ranar ta zagayo, zai yi na ukunsa yadda ya kamata.

Bai kai ba. Wata bakwai ya ƙara, ya rasu a asibiti, aka yi masa salla a Harami bayan azahar, ina cikin waɗanda suka ɗauke shi. Ɗansa ya karɓi wayar da agogunan biyu, ban san ko ya kira ta ba, ban ma san ko ya san da ita ba, kuma ba hurumina ba ne in tambaya. Na yi ta juya abin a raina kwana da kwanaki, ko tsohon ya tafi da haƙƙin nan a wuyansa saboda katifun Mina. Ba malamin da zan iya kai wa wannan tambayar. Sai na tsaya a kan abin da ita ta faɗa da bakinta. Ta ce gawa ta yafe wa. To, ya zama gawar.